Mai zane da na'ura: wa ya zuba jari, wa ke ɗaukar suna?

Tun daga shekarar 2022, na'urori masu ƙago hoto da waƙa da rubutu sun shiga ɗakin aikin masu fasaha a ƙasashe da dama. Wasu na kiran su abokan aiki, wasu na kiran su ɓarayi. Kotuna da kasuwannin gwanjo kuwa sun fara faɗin albarkacin bakinsu.

Ran 25 ga watan Oktoba na shekarar 2018, a birnin New York na ƙasar Amurka, kamfanin gwanjo na Christie's ya fitar da hoton wani bature mai baƙar kwat da farin wuyan riga, fuskarsa a dusashe tamkar an shafe ta da hannu tun fenti bai bushe ba. Masu kimanta kaya sun ce in an yi sa'a zai kai dalar Amurka 10,000. Da aka gama tayi, sai ga shi an sallama shi a kan dalar Amurka 432,500, wato kusan miliyan 250 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci. Mutumin da ke cikin hoton, wanda aka raɗa wa suna Edmond de Belamy, bai taɓa taka ƙasa ba. Can ƙasa a hannun dama kuwa, inda mai zane ya saba sa hannu, wani layin lissafi aka rubuta, shi ne ke tsaye a madadin sunan mai aikin.

Samari uku ne ƴan birnin Paris suka kai hoton kasuwa: Hugo Caselles-Dupré da Pierre Fautrel da Gauthier Vernier, waɗanda suka haɗu ƙarƙashin sunan Obvious. Sun ɗura wa kwamfuta hotunan fuskoki 15,000 da masu zane suka yi daga ƙarni na 14 zuwa na 20, sa'an nan suka sa ta ta yi ta gwada nata. Dabarar da suka bi, wani masani mai suna Ian Goodfellow ne ya fito da ita tare da abokan aikinsa a 2014. Na'urar kashi biyu ce masu adawa da juna. Kashi ɗaya tamkar mai buga jabun kuɗi yake, ɗayan kuma tamkar ma'ajin banki mai ɗaga takarda sama ya duba. Na farko ya ƙera hoto, na biyu ya ce jabu ne, na farko ya koma ya gyara. Haka za su yi ta yi sau dubbai har ma'ajin ya kasa bambanta jabu da na gaske. Wanda ya ji faransanci zai gane wasan da ke cikin sunan: Belamy, wato "bel ami", fassarar sunan Goodfellow ce.

Tun ba a kai ga ranar gwanjon ba magana ta taso. Wani matashi ɗan shekara 19 a Amurka, Robbie Barrat, ya ce rubutun umarnin kwamfuta da samarin suka dogara da shi nasa ne, ya ajiye shi ne kyauta a intanet domin masu son koyo. Samarin ba su musa ba, har sun yi masa godiya a bainar jama'a. Tun da kyauta ya bayar, ba ya bin kowa bashi a gaban shari'a. Masu zanen da aka ɗebi hotunansu kuwa, mafi yawansu sun daɗe a kabari. Ke nan mutum uku suka ci kasuwa da kayan da hannaye masu yawa suka tara.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa haɗa gwiwa da wani ya san cewa kafin a raba riba sai an san wanda ya zuba jari. Wannan tambaya ce ke bin masu fasahar da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira, ko da yake su sun fi son a yi maganar ilhama da kyawun aiki. Na'ura ba ta zuwa da komai daga cikin uwa. Abin da aka ciyar da ita, da shi take aiki.

Tsohon da ya shekara arba'in yana koya wa kwamfuta zane

Tun kafin a haifi samarin Paris, akwai wanda ya riga su shiga wannan hanya. Harold Cohen ɗan Ingila ne, an haife shi a Landan a 1928. Ba baƙo ba ne a sana'ar, domin a 1966 yana cikin masu zanen da suka wakilci Birtaniya a babban baje kolin zane na birnin Venis. Shekara biyu bayan haka ya tafi koyarwa a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. A can ne, yana da shekara 40, ya fara koyon rubuta wa kwamfuta umarni, a zamanin da ake magana da ita ta hanyar katin kwali mai huji-huji. Tambayar da ta hana shi barci ita ce: mene ne mafi ƙanƙantar abin da zai sa ƴan layuka a takarda su zama hoto a idon mutum?

Daga farkon shekarun 1970 ya shiga ƙera manhajar da ya sa wa suna AARON, bai kuwa daina ba har ya mutu a 2016. AARON bai taɓa ganin hoton kowa ba. Cohen ne ya zauna ya rubuta masa ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya: yadda layi ke rufewa ya zama siffa, yadda abin da ke gaba ke tare na baya, daga bisani kuma yadda kafaɗa ke haɗe da hannu, da yadda mutum zai tsaya bisa ƙafafunsa ba tare da ya faɗi ba. A cikin iyakar waɗannan ƙa'idoji manhajar ke yanke shawarar kanta, ta yadda shi kansa mai ita ba ya sanin abin da za ta zana sai ta zana. A 1977, a baje kolin Documenta na birnin Kassel a ƙasar Jamus, jama'a sun tsaya suna kallon wata ƴar na'ura mai taya da ake kira "kunkuru" tana yawo bisa shimfiɗaɗɗiyar takarda tana jan layi. A wancan zamani baƙi da fari kaɗai AARON ya iya, Cohen ne ke bi da hannunsa yana sa launi.

Launin nan shi ya fi ba shi wuya. Mai zane da ido yake zaɓen launi, ya gwada, in bai yi masa ba ya sake, alhali manhajar ba ta da ido. Cohen ya shafe shekaru yana neman yadda zai mayar da abin da hannunsa ya sani ya koma ƙa'idar da za a iya rubutawa. A 1995, a gidan tarihin kwamfuta na birnin Boston, ya nuna wata na'ura da ya ƙera wadda ke haɗa launi da kanta, ta shafa, ta kuma wanke kayan aikinta in ta gama. Daga nan sai al'amari ya juya. Da AARON ya ƙware har ba ya bukatar hannun mai shi, Cohen ya ga ana neman a bar shi a gefe cikin ɗakin aikinsa. A ƙarshen rayuwarsa sai ya koma ga tsohon rabon aiki: manhaja ta ja layi, shi kuma ya sa launi, har da yatsa bisa wani babban allo mai jin taɓi.

Ya taɓa yin raha cewa mai yiwuwa shi ne zai zama mai zane na farko da za a baje sabon aikinsa bayan ya mutu. Haka kuwa aka yi. A 2024 gidan zane na Whitney a New York ya tayar da AARON, baƙi na tsaye na'ura na fitar da zanen da ido bai taɓa gani ba, shekara takwas bayan an rufe mai ita. In akwai wanda ya cancanci ya kira na'ura abokiyar aiki, to wannan tsoho ne, domin jarin nasa ne tun daga tushe, kuma shekara fiye da arba'in ya yi yana zuba shi.

Hazo da umarni

Na'urorin da suka cika duniya daga 2022 wata hanya dabam suka bi. A watan Afrilu na wannan shekara aka sanar da DALL-E 2, a watan Yuli aka buɗe Midjourney ga jama'a, a watan Agusta kuma Stable Diffusion ya fito. Ba a rubuta masu ƙa'idar kafaɗa ko ta launi. Ana ɗauko hoto ne tare da ƴar maganar da ke bayaninsa, a yi ta zuba masa ɗigo-ɗigo har ya ɓace, kamar yadda hazo ke rufe gari a lokacin hunturu, sa'an nan a koya wa na'urar ta janye hazon kaɗan-kaɗan har hoton ya dawo. In ta maimaita wannan a kan hotuna miliyoyi, sai ta kai matsayin da za a ba ta hazo zalla, a rubuta mata "doki a bakin kogi da almuru", ta janye hazon ta fito da dokin da babu shi a ko'ina.

Ina aka samo miliyoyin hotunan? A intanet aka kwashe su. Wata ƙungiya a Jamus mai suna LAION ta tattara jerin hotuna da bayanansu har sama da biliyan 5 da miliyan 800, kuma daga cikin wannan rumbu aka horar da Stable Diffusion. A ciki akwai aikin dubban masu zane da ke raye, waɗanda ba a tambaye su ba, balle a biya su. Wani ɗan ƙasar Poland, Greg Rutkowski, mai zanen dodanni da mayaƙa domin wasannin kwamfuta, ya wayi gari a 2022 ya tarar mutane na rubuta sunansa a cikin umarni sau dubbai masu yawa, har ya zarce sunan Picasso, domin na'ura ta fitar masu da hoto mai kama da hannunsa. Wanda ya nemi aikinsa a intanet sai ya riƙa cin karo da hotunan da bai taɓa zanawa ba.

Ana cikin haka ne wani ba'amurke mai ƙera wasanni, Jason Allen, ya shiga gasar zane ta bikin baje kolin jihar Colorado a watan Agusta na 2022, da wani hoto mai suna "Théâtre D'opéra Spatial": wasu mutane cikin dogayen riguna a wani katafaren zaure, suna fuskantar wata zagayayyar taga mai haske. Ya zo na ɗaya a rukunin zanen kwamfuta. Kyautar dalar Amurka 300 ce kacal, kusan jika 200, amma hayaniyar da ta biyo baya ta zagaya duniya, domin da Midjourney ya yi hoton. Allen bai ɓoye ba, ya rubuta sunan manhajar a takardar shiga gasa. Ya kuma ce aikin ba na danna maɓalli ɗaya ba ne: sau 624 ya sake umarni kafin ya sami abin da yake so, sa'an nan ya yi gyare-gyare da Photoshop.

Masu fasaha biyu sun nuna yadda kawuna suka rabu a kan karɓar kyauta da irin wannan aiki. A watan Afrilu na 2023, a Landan, Bajamushe Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar gasar ɗaukar hoto ta Sony, ya ce na'ura ce ta ƙago hoton matan nan biyu da ya ci gasar da shi, kuma bai kamata a haɗa irinsa da hoton kamara ba. A watan Janairu na 2024 kuwa, marubuciyar Japan Rie Kudan ta karɓi babbar kyautar adabi ta Akutagawa, ta ce kimanin kashi 5 cikin 100 na littafinta daga ChatGPT ta ɗauko. Ba a ƙwace kyautar ba.

Abin da alƙalai suka ce

Allen ya nemi ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yi wa hotonsa rajista. A watan Satumba na 2023 ofishin ya ƙi. Dalilinsa shi ne, dokar ƙasar aikin ɗan Adam take karewa, kuma mai rubuta umarni ba shi ne ke yanke inda kowane layi da kowane launi za su zauna ba. An ce masa in ya yarda ya ware abin da na'ura ta yi, za a duba gyaran da ya yi da hannunsa. Ya ƙi, ya kai ƙara kotu a watan Satumba na 2024. A watan Janairu na 2025 ofishin ya fitar da rahoto yana jaddada matsayinsa: umarni kaɗai, komai yawansa, bai isa ya mayar da mutum mai aikin ba, amma in ya zuba nasa zanen a ciki, ko ya gyara, ko ya tsara abin da na'ura ta fitar, to wannan ɓangare nasa ne. Wata biyu bayan haka, kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta tabbatar, a shari'ar wani mai suna Stephen Thaler, cewa na'ura ba za ta zama mai haƙƙin mallaka ba.

Maganar tana kama da ta mai kai ɗinki. Wanda ya je wurin tela ya ce ga irin wuyan da yake so, ga irin hannun, ya dawo sau goma yana sa a warware, rigar tasa ce in ya biya, amma ba a cewa shi ya ɗinka. Sai dai ba duk alƙalan duniya ne suka ga haka ba. A watan Nuwamba na 2023 wata kotu a birnin Beijing ta yanke cewa hoton da wani mutum ya fitar da Stable Diffusion nasa ne, saboda zaɓen kalmomi da gyare-gyaren da ya yi, ta kuma sa wadda ta yi amfani da hoton ba izini ta biya shi yuwan 500. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma hukuncin ya nuna cewa hoto ɗaya zai iya zama dukiya a wata ƙasa, a wata kuwa kayan Allah-ba-ku-mu-samu.

Ga ma'aikacin da ke ba da kwangilar zanen talla, ko ɗan kasuwar da ke son tambari a jikin kayansa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hoton da doka ba ta karewa, maƙwabcin shago zai iya kwafa ya manna a nasa kayan.

Ta ɗaya gefen kuma akwai shari'ar waɗanda aka kwashi aikinsu. A watan Janairu na 2023 wasu masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai kamfanonin Stability AI da Midjourney da DeviantArt ƙara a San Francisco. A watan Agusta na 2024 alƙali William Orrick ya yarda a ci gaba da sauraron zargin keta haƙƙin mallaka. Da manyan giwaye suka ga haka su ma suka shigo: a watan Yuni na 2025 kamfanonin Disney da Universal suka maka Midjourney a kotu. Kamfanonin na'ura suna kare kansu da cewa koyo daga hoto ba sata ba ce, kowane almajirin zane ma daga kallon aikin magabata yake koyo. Masu ƙara suna amsawa da cewa almajiri ba ya haɗiye hoto biliyan biyar, kuma ba a sayar da shi ga duk mai biyan kuɗin wata domin ya maye gurbin malaminsa.

Masu ciyar da na'ura da guminsu

Tsakanin masu danna umarni da masu zuwa kotu akwai wani rukuni da ba a cika jin hayaniyarsu ba, alhali a wurinsu ne kalmar abokin aiki ta fi zama daram. Su ne magadan Cohen, ko da yake kayan aikinsu sun sha bamban da nasa.

Sougwen Chung, wadda ta taso tsakanin Kanada da Hong Kong, ta fara zane tare da wani hannun ƙarfe da ta sa wa suna DOUG a 2015. Kamara na kallon hannunta daga sama, hannun ƙarfen kuma na ƙoƙarin kwaikwayonta a kan takarda ɗaya, a lokaci guda. Bai iya kwaikwayon daidai ba, yana zamewa, yana kaucewa. Chung ba ta gyara kuskuren ba, sai ta riƙa amsa shi da nata layin, ta yadda zanen ya zama tamkar zance tsakanin mutum biyu. A mataki na biyu ta tattara zanenta na kimanin shekara 20 ta horar da na'urar da su, har hannun ƙarfen ya koma yana zane da salon da ita kanta ta bari a baya. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya sayi wannan aiki ya ajiye.

Baturiyar Ingila Anna Ridler kuwa labarinta zai fi burge ƴan kasuwa. A 2018 ta je ƙasar Holan a lokacin furen tulif, ta sayi furanni, ta ɗauki hotuna 10,000 da kanta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta rubuta launi da siffar kowanne da hannu. Da waɗannan ta horar da na'urarta. Furannin da na'urar ke fitarwa suna sauya zanen jikinsu gwargwadon hawa da saukar farashin Bitcoin, kuɗin nan na intanet. Tana tunatar da mai kallo ne haukar cinikin tulif da ta kama Holan har farashi ya rushe a 1637. Abin lura, ta baje hotunan 10,000 ɗin su ma a bango a matsayin aiki mai zaman kansa, domin kowa ya ga wahalar da ke bayan abin da ake cewa na'ura ta yi.

A fagen waƙa, ba'amurkiya Holly Herndon da mijinta Mat Dryhurst sun horar da na'ura da muryarta, suka sake ta a 2021 da sunan Holly+, kowa na iya sa ta rera abin da ya ga dama. A 2024, domin wani baje koli a gidan zane na Serpentine a Landan, sun zagaya Birtaniya suka ɗauki muryoyin rukunonin mawaƙa 15 da yardarsu, tare da gwada wani tsari na amana wanda zai ba mawaƙan ikon cewa ga yadda za a yi da muryoyinsu.

Kasuwa dai ba ta cika tantance waɗannan bambance-bambance ba. Daga 20 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris na 2025, Christie's ya yi gwanjonsa na farko na ayyukan ƙirƙirarriyar basira zalla. Sama da mutum 6,000 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a soke shi, bisa hujjar cewa da yawa daga cikin ayyukan an yi su ne da na'urorin da aka horar da kayan mutane ba izini. Ba a soke ba. An tara dalar Amurka 728,784, sama da miliyan 400 na sefa, kuma aikin Refik Anadol, ɗan asalin Turkiyya, shi ya fi tsada a kan 277,200. A cikin kayan gwanjon har da aikin Herndon da Dryhurst, har da zanen Harold Cohen, wanda manhajarsa ba ta taɓa cin hoton kowa ba. An zuba su duka a tabarma ɗaya.

Daga Legas zuwa Dakar

A ƙarshen 2022 da farkon 2023 wasu hotuna suka bazu a wayoyin jama'a: tsofaffi baƙar fata, maza da mata, masu furfura, cikin tufafi na alfarma, suna taku a dandalin nuna kayan ado. Mutane da yawa sun ɗauka bikin gaske ne. Malik Afegbua, mai shirya fina-finai a Legas, shi ya ƙago su da Midjourney, a lokacin da mahaifiyarsa ke kwance da ciwon shanyewar jiki. Ya ce ya so ne a ga tsofaffi cikin farin ciki da ƙasaita, saɓanin yadda aka saba nuna su cikin rauni. In da zai ɗauki wannan biki da kamara, sai ya nemi zaure da tela da fitilu da kuɗi masu yawa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan na'urar, kuma hujja ce ta gaskiya: ta buɗe ƙofa ga mai basirar da ba shi da jari.

Sai dai na'urar da aka ciyar da hotunan intanet, idon intanet gare ta. Linda Dounia Rebeiz, mai zane a Dakar, ta gwada rubuta wa DALL-E 2 umarnin ya nuna gine-ginen birninta. Abin da ya fito mata shi ne busasshiyar hamada da rusassun gidaje, ba su da alaƙa da birnin bakin teku da take zaune a ciki. Saboda haka take horar da nata na'urorin da zanen hannunta da hotunan da ta tattara da kanta, har ta yi wani aiki a kan furannin Afirka ta Yamma da ke ɓacewa. A 2023 mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a fannin ƙirƙirarriyar basira.

Abin da ya sami Dakar zai iya samun zanen bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram, da ɗinkin aska takwas a gaban babbar riga, da ƙirar azurfar Agadas. In ba a ɗauki hotonsu an sa a intanet tare da sunayensu na asali ba, na'ura ba ta san su ba, in an tambaye ta sai ta cike gurbin da abin da ta ga dama. In kuwa an sa su, mai kwasa zai kwasa ba sallama, gobe a ga salon magini ko maɗinki a jikin kayan wani kamfani na wata nahiya.

Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, kuma rataye na bakwai na yarjejeniyar shi ke magana a kan haƙƙin marubuta da masu fasaha. A cikin gida akwai dokar watan Disamba na 2010 a kan haƙƙin mawallafa da kayan al'adun gargajiya, akwai kuma ofishin BNDA mai kula da wannan haƙƙi. An yi wa yarjejeniyar Bangui kwaskwarima a Bamako a watan Disamba na 2015, wato kusan shekara bakwai kafin Midjourney ya buɗe ƙofarsa ga jama'a.